Ragowar Yadin Hajiya

A shekarata ta biyu a kwaleji babu ranar da nake ɗoki kamar Asabar, kuma babu ranar da take ba ni tsoro kamarta. 'Yan gayyar soɗi ne mu, ni da ƙawata. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don na ga wasu 'yan ajinmu sun zama manyan mata suna yi kamar da katin gayyata aka haife su.

Makarantarmu tana cikin Kaduna, ta arewacin kogi. Babana ma'aikacin gwamnati ne, aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa, ya kwashe iyali ya tafi. Ni aka bari a hostal da garin kwaki da galan ɗin manja da dogon gargaɗi. Abin da yake aiko min na ci ne da na takardu, babu na yawo a ciki. Nishaɗi kuwa a makarantar nan na masu hali ne. 'Ya'yan manya su cika mota su tafi shan askirim, ko a shirya fati a ce sai da tikiti. Mu namu wasan lido ne a ƙarƙashin dogonyaro, da kallon ƙwallon samari a fili ba don mun san dokarta ba, da fim ɗaya a kwamfutar wata mu takwas a kan katifa. Ban raina ba, mun yi dariya sosai. Amma yarinya 'yar shekara ashirin takan so ta ci kwalliya, ta ji kiɗa, ta ci naman da ba a ƙirga mata ba.

Ƙawata Kirista ce, iyayenta daga kudancin jihar suka zo, amma a Malali aka haife ta, Hausarta ma ta fi tawa gishiri. Mahaifiyarta tela ce, kowa Mama yake ce mata, ni ma haka. Shagonta ɗaki ɗaya ne a wani layi a Malali, da keken ɗinki da teburin guga da wata doguwar kanta mai cin bango guda, cike da yadin mutane. Da keken nan take riƙe da gidan, har da karatun ƙawata. Duk Juma'a da yamma can nake zuwa, in taya ta guga da sa maɓalli, ita kuma ta cika min ciki da tuwo da miyar karkashi, tana yi min tsiyar cewa hostal ya mai da ni tsinke.

Akwai telolin da suka fi Mama sanin yayi, ita ma ba ta musu. Abin da ta fi su da shi ɗaya ne: ba ta riƙe ƙyallen mutum. Ragowar yadinki ko tafin hannu ce za ta ninke, ta sa a leda, ta maƙala takarda da sunanki. Idan anko ne, sai hayaniyar biki ta lafa ta kai wa masu shi har gida. Saboda wannan ne Hajiyoyin Malali da Unguwar Sarki suke kawo mata yadin da ba za su yarda wani ya sa wa almakashi ba. Babbarsu wata Hajiya ce, matar wani babban ma'aikaci, mai 'ya'ya mata biyar, wadda ta jawo wa Mama ƙawayenta da danginta. Mama takan ce gidan nan shi ne rabin shagonta, kuma ba wasa take yi ba.

To, ledojin nan su ne sirrinmu. Ƙawata ce ta gano dabarar. Masu gadin ƙofar wurin biki kai suke kallo, idan suka ga ɗankwalin anko sai su matsa. Saboda haka ranar Juma'a, idan Mama ta juya baya, sai mu zari ragowar ankon da ta isa ɗankwali. Ranar biki da wurin taro kuwa masu bikin ne suke faɗa da bakinsu a shagon, suna matsa wa Mama ta gama kafin Asabar. Mu sa doguwar riga baƙa, mu kafa ɗauri, mu yafa gyale, shi ke nan mun zama dangi. Ranar Lahadi mu wanke mu goge, Litinin ƙyalle ya koma ledarsa. Aro muke kiran abin. Amma mun san aron da ake yi a bayan idon mai kaya, kuma mun san sunan wa muke wasa da shi.

Muna da dokoki, kuma ƙawata ba ta wasa da su. Ba a zama a gaba. Ba a bari kyamara ta ɗauki fuska. Idan dangin amarya suka tambaya, mu na ango ne, idan na ango ne suka tambaya, mu ƙawayen amarya ne. Rawa sai fili ya cika, kuma a bar wurin kafin a fara rabon robobin kyauta, don a nan ake sanin wane ne wane. Duk da haka ban taɓa tunkarar ƙofa gabana bai faɗi ba. Sai na zauna na ga an ajiye min faranti sannan hankalina yake kwanciya. Da mun fito kuma sai dariya har da riƙe ciki, mu koma hostal da labarin da za a sha mako guda ana ji.

Da bikin ɗan Hajiya ya matso, ƙawata ta ce min wannan ba namu ba ne, ko kusa kada in yi tunaninsa. Sai kakanta ya rasu a ƙauye, ta tafi tun ranar Laraba, Mama kuma ta ce ba za ta iya bin ta ba sai ta sallami ɗinkin bikin. Ni kuma a lokacin kaina ya fara rawa, ina ganin na ƙware. Na ce a raina ai fuskarta suka sani, ni Hajiya ba ta taɓa ganina ba, don a ranakun lacca take zuwa shagon. Har na yi wa wata 'yar ɗakinmu alkawarin zan kai ta ta ga yadda ake yi.

Ranar Juma'a Mama ta fita sayo zare ta bar ni da shago. Leda biyu na gani da sunan Hajiya. Ta farko koriyar atamfa ce, ragowarta ɗankwali ɗaya kawai za ta yi. Ta biyu wani yadi ne ruwan zuma mai zanen ganye, mai santsi da nauyi, irin wanda hannu yake sanin tsadarsa tun kafin ido. Na ɗauka anko biyu aka fitar, na matasa da na manya, kamar yadda ake yi a manyan gidaje. Na ba wa kaina mai kyaun, na ajiye wa 'yar ɗakinmu koren. Da Mama ta dawo na kasa haɗa ido da ita, har ta tambaye ni ko zazzaɓi nake ji, ta ƙara min nama a miya.

Liyafar rana ce, a wani babban zauren taro a Doka. Mun isa wajen ƙarfe biyu. Mai gadin ƙofa ya dubi kaina, ya rusuna har da cewa sannu da zuwa, abin da ba a taɓa yi min ba. Kafin in yi taku uku wata mai raka baƙi ta tare ni da fara'a ta ce in biyo ta. Na ce a nan baya ma ya isa, ta ce haba, wurinmu yana gaba. Na waiga, 'yar ɗakinmu ta riga ta nutse cikin masu kore a baya.

Ina tafe ina duba kawuna. Kore, kore, ko'ina kore. Na ce a raina masu ruwan zuman ba su iso ba ne. Sai da aka zaunar da ni a tebur na biyu daga gaba na gan su: mata biyar a teburin farko, ruwan zuma daga sama har ƙasa, kamarsu ɗaya, goshinsu ɗaya. A duk zauren nan mai cin ɗaruruwan mutane babu ta shida sai ni. Nan take na gane abin da na ɗauko.

Na ja gyalena na rufe kai, amma gyalen shara-shara ne, ga shi na kafa ɗaurin sama don iyayi, yadin yana ta sheƙi ta ciki. Cire shi kuwa ba dama, ba zan zauna a gaban jama'a ina kwance ɗauri ba. Aka kawo soyayyar shinkafa da cinyar kaza, abin da na zo dominsa, na yi cokali ɗaya na ture farantin. Addu'ar da na sani babu wadda ban karanta ba. Ina ta auna tazarar da ke tsakanina da ƙofar gefe, ina jiran fili ya cika in sulale.

Fili bai cika ba. Mai gabatar da taro ya ce a ba 'yan'uwan ango mata wuri, masu ruwan zuma, su fito su kaɗai. Matar da ke kusa da ni, wata mai ƙiba mai son mutane, ta zungure ni ta ce in tashi mana, mu ake kira. Na ce ƙafata ke ciwo. Ta ce yau ba ranar ciwon ƙafa ba ce, ta kama gyalena ta zame shi, wai kada in ɓoye kwalliya. Na miƙe don in nufi ƙofar gefen, amma hanyar ta bakin filin ta bi, mai kyamara kuma ya juyo da fitilarsa kaina.

Babbar cikin biyar ɗin ce ta riƙe min wuyan hannu. Murmushi take yi saboda kyamara, tana ɗan taka rawa, amma riƙon kamar na maƙera. Ta kawo bakinta kunnena ta ce, "Ke wace ce?" Haka ta ja ni muna kamar masu rawa har muka fita ta ƙofar da nake ta hari, ta tura ni wani ƙaramin ɗaki da aka tara kulolin abinci da kwalayen kyauta, ta rufe.

Ba a jima ba Hajiya ta shigo. Na zaci zan ga ƙatuwar mace mai faɗa, sai ga 'yar ƙaramar tsohuwa da farin tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa. Wallahi da ta yi ihu da ya fi min sauƙi. Ta ce in kwance ɗaurin. Na kwance, ta shimfiɗa shi a kan wata kula, ta bi gefensa da yatsa inda almakashi ya zagaye wajen fitar da hannun riga.

"Yadin nan ni na sayo shi da hannuna a Dubai, na 'ya'yana mata su biyar," in ji ta. "A ina kika samu?"

Na ce a kasuwa. Ta tambaye ni wane shago, na hau kame-kame. Babbar 'yar ta ce ai irinmu ne suke shiga biki suna kwashe jakunkunan mutane, a bikin ƙanwarta ma an yi haka, kuma akwai 'yan sanda a bakin get. Ta fizgi jakata ta zazzage a kan kwali. Babu komai sai hoda da kuɗin mota da katin shaidata na makaranta. Ta ɗauki katin ta karanta sunana da sunan makarantar da ƙarfi, ta ce daga ofishin 'yan sanda sai wurin hukumar makaranta.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Na ga kaina a bayan kantar 'yan sanda. Na ga sunana a allon sanarwa. Na ga babana, mutumin da ko biron ofis ba ya kawowa gida, an kira shi a waya an ce 'yarsa tana hannu. Na durƙusa ba tare da na yi niyya ba. Kuma ina durƙushen nan na san gaskiyar da ya kamata in faɗa, gajeriya ce: ni na ɗauka a shagon, mai shagon ba ta sani ba. Tana kan harshena. Amma na san wannan gaskiyar sunanta sata, ita ce za ta kai ni bakin get.

Sai na ji bakina ya ce, "Telarku ce ta ba ni."

Hajiya ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce ita ba ta yarda ba, matar nan ba ta taɓa riƙe mata ko zare ba. Ta ciro waya ta kira, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta ajiye a kan yadin. Na san Mama za ta ce ba ta san zancen ba, don gaskiyar ke nan, daga nan na zama ɓarauniya kuma maƙaryaciya.

Mama ta ɗauka da fara'a, ana jin ƙarar keke a bayanta, ta fara yi wa Hajiya barka da taro. Hajiya ta katse ta. Ta ce ga wata yarinya an kama da ragowar yadin 'ya'yanta a kai, ta ce wai Mama ce ta ba ta, kuma 'yan sanda suna waje. Mama ta tambayi wace yarinya. Aka karanto mata sunana daga katin.

Ƙarar keken ta tsaya.

"Eh, Hajiya, ni na ba ta," in ji Mama. "Laifina ne. 'Yata ce, don Allah ku bar ta ta tafi."

Hajiya ta dubi wayar. Sannan ta ce, "Madam, ke?" Mama ta sake cewa ta yi haƙuri. Hajiya ta ce to, ta gode, ta kashe. Ba ta ƙara kallona ba. Ta ninke yadin da kanta, ta ce wa 'yarta ta ba ni katina, ta koma wurin baƙinta.

Na fito da gyale a kai ta ƙofar baya, ta wajen masu wanke faranti. 'Yar ɗakinmu tuni ta cika wa rigarta iska. Na yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin in tuna akwai abin da ake kira mota. An sake ni, babu ɗan sanda, babu hukumar makaranta, amma tsoron bai sake ni ba, wuri kawai ya canja. Ranar Lahadi ban fita ko ƙofar ɗaki ba. Duk wayar da ta yi ƙara sai in zabura, ina zaton Mama ce ko ƙawata daga ƙauye. Babu wadda ta kira, wannan kuma ya fi kiran muni.

Litinin da safe na kasa shiga lacca. Na ɗauki koren ɗankwalin da na karɓo daga 'yar ɗakinmu, na nufi Malali. Sau biyu ina kaiwa bakin layin ina juyawa. A na uku na hango mota a ƙofar shagon, an buɗe bayanta, babbar 'yar Hajiya tana tsaye a gefe tana danna waya. Saura mako uku Sallah, lokacin da kantar Mama take cika har sama.

Mama tana sauko da yadi daga kantar, tana duba takardar da ke jikin kowanne. Na Hajiya, na 'ya'yanta, na jikoki, da na ƙawayenta da suka ba da saƙo a karɓo musu. Har wanda ta riga ta yanka ta haɗa da zarensa. Ta gan ni a bakin ƙofa, ta miƙo min wani ɗauri ta ce in riƙe da kyau kada ya taɓa ƙasa. Haka na yi ta jigila tsakanin shago da mota, 'yar Hajiya ko kallo ban ishe ta ba. Da muka gama Mama ta raka ta har bakin mota, ta ce a gaida Hajiya.

Da motar ta tafi na durƙusa a gabanta, kuka ya ƙwace min. Na faɗa mata komai, har da ƙaryar da na yi mata a gaban Hajiya, har da sauran Asabar ɗin da suka wuce. Na ce zan je gidan Hajiya yanzu in faɗi gaskiya. Ta ce in je in ce me, bayan ita da bakinta ta ce ta ba ni? Idan na je, ta tashi daga mai ba da kayan mutane ta koma mai ƙarya, ni kuma in koma inda ta fito da ni.

Na tambaye ta don me ta amsa laifin da ba nata ba. Ta ce ta ji an ambaci 'yan sanda, kuma ta san babana ba ya gari.

Daga nan ta juya ta dubi kantar. Abin da ya rage bai fi a rungume da hannu biyu ba. Ta zauna a gaban keken kamar za ta fara aiki, ta ɗora ƙafa, sai ta sauke. Ta zare zaren daga allura, ta naɗe shi a hankali, ta jawo wani tsohon zane ta lulluɓe keken. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ko cika ba ta yi ba.

"Tashi ki tafi lacca," in ji ta. "Kada ke ma ki rasa naki."